Mutumin da Ya Yabi Jakin Madugu

Ni ne ban kyauta ba. Gara in faɗa tun yanzu, kafin labarin ya yi tsawo in fara nema wa kaina mafaka a cikinsa. Wani bawan Allah, Mushe Yakubu, wato Malam Yakubu a bakin 'yan Faransanci, malamin makarantar sakandare a nan Parakou, ya karanta ɗan littafina ya yaba shi a rediyo. Ni kuwa na saka masa da zargi a kunnen jama'a, har aka dakatar da shirinsa. Bai taɓa cin mini komai ba, ban ma taɓa ganin fuskarsa ba a lokacin. In kuna son ku gane yadda mutum mai iyali, mai furfura a gemu, zai yi irin wannan wauta, sai kun bi ni Djougou, bakin murhun kakata.

Kaka Ladi ba ta taɓa cewa Djougou ba. Zugu take cewa, yadda ta ji iyayenta fataken goro suna faɗa. Gidanmu babba ne, ɗakuna zagaye da tsakar gida, ko'ina ka juya ƙanshin ɗanyen ganyen da ake naɗe goro da shi. Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai ta ja kujerarta 'yar tsugunno zuwa murhu, ta tura doya biyu ko uku cikin rushi, ta ƙwanƙwasa muciya a jikin dutsen murhun. Wannan ƙarar ita ce kiranmu.

"Kunnuwa sun iso, ko suna can wajen wasa?"

"Sun iso, Kaka!"

"Na angona fa? Na ga kai, ban ga kunne ba."

Ni ne angon. Haka take tsokanata, ni ma in ce mata na fasa auren tunda amarya ba haƙora. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta gyara murya.

Tana da tsarinta da ba ya canzawa. Tatsuniya takan fara ne lokacin da doya ta shiga wuta. In ta nuna, ko da an kai inda ran kowa ya tsaya, Kaka za ta yi shiru, ta zaro doyar, ta kankare baƙin da wuƙa, ta yayyanka, ta ɗiga man ja da ɗan yaji, ta miƙa wa kowa nasa. Sai an cinye take ci gaba. Ni kuwa da rabona ya shigo hannuna, ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Abokaina na nan ƙofar gida suna jirana, domin duk unguwar ba wanda ke da kaka irin tawa, kuma ni nake kai musu abin da ta faɗa. Ina son yadda suke buɗe baki suna kallona.

Tatsuniyar da ta fi zama mini a rai ita ce ta jakin madugu. Wani madugu ne, in ji Kaka, yana dawowa daga Gwanja da ayarinsa, jakuna sun sha kayan goro. A cikinsu akwai nasa na kansa, mai farin goshi, wanda ba ya tuntuɓe, ba ya gardama. Suka yi zango kusa da wani kogi. Ana cikin hura wuta sai ga wani baƙo, ba kaya, ba guzuri, sanda kawai a hannunsa. Ya yi sallama ya zauna. Bai kalli huhunan goro ba, bai kalli tukunya ba, jakin nan kawai yake kallo.

Nan Kaka take sauya murya, ta yi ta a hankali kamar mai jin kunya. "Baƙo ya ce, 'Madugu, wannan jaki naka Allah ya yi halitta.' Madugu ya ce, 'Uhm.' Baƙo ya ce, 'Dubi ƙafafunsa. Dubi yadda yake tsayawa, kamar ya san nauyin abin da aka ɗora masa.' Madugu ya ce, 'Uhm.' Baƙo ya tashi ya shafa goshin jaki, jaki ya kwantar da kunne. To, a nan fa zargi ya shiga ran madugu."

Madugu ya sa wa baƙon ido. Da aka zo kwanciya sai ya kwance jakin daga turke, ya ɗaure igiyar a ƙafarsa, ya kwanta da wuƙa ƙarƙashin kai.

Doya ta nuna.

Ƙarshen labarin kamar yadda na girma da shi ga shi: barci ya ɗauke madugu, baƙo ya lallaɓa ya kwance igiyar daga wuyan jaki ya ɗaura a kututture, ya kora jaki da kaya ya shiga daji. Gari ya waye madugu na ɗaure da itace. Darasin a fili yake, duk wanda ya yabi kayanka ya riga ya zaɓi hanyar da zai bi da su.

Kasuwa kuma ba ta ƙaryata ni ba. Da na fara zama rumfar mahaifina, na ga mai saye na gaskiya kushewa yake yi. Zai ɗauki goro ya juya shi, ya ce wannan ai daushe ne, ya ce yana ganin alamar sankara, ya taɓe baki, sannan ya taya. Wanda ya tsaya yana cewa kai, wannan goro ya yi kyau, ko dai ba zai saya ba, ko yana so ya shagaltar da kai ɗan'uwansa ya zari 'yan ƙwayoyi ta gefe. Da wannan ido na zo Parakou, na kama haya a unguwar Ladjifarani, na buɗe tawa rumfar. Da shi na aurar da ƙannena, da shi na zauna da maƙwabta.

Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na yi lekol har ajin ƙarshe na firamare, Hausar boko kuma da kaina na koye ta daga littattafan da 'yan kasuwa ke kawowa daga Najeriya. Amma ƙaiƙayin nan na ƙofar gida bai bar ni ba. In ciniki ya lafa nakan rubuta 'yan labarai a salula. Da suka taru na kai wa wani yaro mai shagon fotokofi ya buga, ya haɗa da ƙusar takarda, na jera su gefen faifan goro. Na farko a ciki shi ne jakin madugu. Wasu suka saya don kunyata, wasu suka ɗauka suna fifita da shi.

Wata Lahadi da la'asar, Sale mai nama, wanda teburinsa ke kallon rumfata, ya ƙwala mini kira da wuƙa a hannu.

"Ɗanjuma! Kunna rediyo, ana ambatonka, kuma ba sanarwar ɓata ba ce!"

Akwai wani ɗan shiri na Hausa da ake yi a ɗaya daga gidajen rediyon garin, inda Mushe Yakubu ke magana kan littattafai da tarihin mutanenmu, a ƙarshe a buɗe waya. Na kunna na ji wata murya mai sanyi tana karanta sunana. Ya ce wannan marubuci bai yi wa maganarsa ado ba, shi ya sa ta shiga rai. Ya ce yana karantawa yana jin ƙanshin ganyen goro. Ya ce ya karanta wa 'ya'yansa labarin jakin, ƙaramar ta hana shi rufe littafin sai da ya maimaita wurin da madugu ke cewa uhm. Ya ce mu Hausawan ƙasar nan mun daɗe muna karanta labaran wasu garuruwa, yau ga namu zangon a takarda. Sai ya ƙara da cewa abu ɗaya ne ya lura, ƙarshen labarin ya zo da gaggawa, kamar mai ba da shi ya miƙe tsaye yana shirin fita. Amma, in ji shi, wannan bai rage masa daɗin komai ba.

Kasuwa ta ɗauka. Mata masu tattasai suna ta yi mini barka. Ni kuwa na zauna kamar wanda aka yi wa mummunan albishir. A duk abin da ya faɗa, maganar gaggawar nan kaɗai na yarda da ita, don ita ce ta yi kama da maganar mai saye. Sauran na ajiye su gefe ina juyawa.

"Me yake nema?" na tambayi Sale.

"Wa?"

"Mushen nan. Mutumin da ya yi jami'a, yake koyar da Faransanci, me zai gani a rubutun mai goro?"

"Wataƙila 'yarka yake so," in ji Sale yana ta sara. "Ko goron biki yake son ka riƙa ba shi kyauta. Kai dai ka ji daɗinka ka yi shiru mana. Ni tunda nake ba wanda ya taɓa yabon tsokata a rediyo."

Wasa yake yi, amma ni ban ɗauke shi wasa ba. Da farko na ce ba'a ce, irin ta masu ilimi, su ɗaga ka sama suna ƙyafta wa juna ido. Na sa aka turo mini shirin a salula, na yi ta saurare ina neman inda muryarsa za ta karkace. Ban samu ba. Na shiga tambayar masu zemijan, 'yan acaɓarmu, ko sun san shi. Suka ce sun san shi, yana da tsohon moto, wato babur, mai hayaƙi, ba ya fashin jam'i, ba shi da abokin faɗa. Maimakon hankalina ya kwanta sai na ce to, wanda ya iya ɓoye kansa haka ai shi ne abin tsoro.

Ana nan sai ya kira ni. Ya ce wajen mai fotokofi ya samo lambata. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce in na yarda yana so ya karanta labarin jakin gaba ɗaya a shirinsa. Na ce zan yi tunani, na kashe.  Ga baƙo ya tashi ya shafa goshin jaki. Na gama ƙulla komai a kaina: zai karanta, jama'a su saba da shi a bakinsa, gobe ya mayar da shi wasan kwaikwayo ya sayar, a manta da mai goro.

Lahadi ta zagayo, aka buɗe waya, na kira. Ya gane muryata, har da murnarsa.

"Jama'a, ga marubucin namu da kansa. Malam Ɗanjuma, barka da yamma."

Ban amsa gaisuwar ba. Na ce, "Mushe, tambaya gare ni. Wa ya sa ka yabe ni, kuma me aka ba ka? In ba a ba ka ba, me kake shirin ɗauka? Mu 'yan kasuwa ne, mun san masu yabon kaya da rana su kwance igiya da dare. A bar mini labarina."

Mushe Yakubu ya bari na kai aya. Sannan ya ce, "Malam Ɗanjuma, ni dai na karanta ne na ji daɗi." Aka sako kiɗa.

Sale bai yi mini magana ba ranar. Lahadin da ta biyo, a lokacin shirin sai waƙoƙi. Daga baya na ji cewa maganata ta bazu, ana cewa ashe yabon littattafan nan saye ake yi, shugaban gidan rediyon kuma ya ce a dakatar da shirin tunda sunan gidan ya shiga bakin mutane. Na kuma ji cewa Mushe Yakubu ba a biyansa, don so yake yi, shekara da shekaru. Kunyar faɗa nake ji, amma abin da na ji a raina lokacin shi ne na tsare jakina.

Suna ne ya kai ni Djougou. 'Yar Yaya Mairo, babbar yayata, ta haihu. Na shiga taksi aka cusa mu kamar buhuna. Bayan taro ya watse, da yamma, na tarar da Yaya a tsohon murhun Kaka tana tura doya cikin rushi saboda jikoki. Na zauna gefenta na ba ta labarin duka, ina ƙara gishiri inda na nuna wayona. Ta bar ni na gama.

"An karanta mini littafin naka," ta ce. "Wa ya gaya maka baƙon ya saci jakin?"

"Kaka mana."

"Wace Kakar? Tamu?" Ta juyo da muciya a hannu. "Ɗanjuma, kai yaushe ka taɓa zama ka ji ƙarshen tatsuniya a gidan nan? Doya a hannu, ƙafa a ƙofa. Kana fita Kaka za ta ce, 'Angona ya tafi tallan rabin kaya.' Mu yi ta dariya. Abin da kake gaya wa yaran waje daga kanka kake cikawa."

Na ce ba haka ba ne, ina tuna muryar Kaka tana faɗin kututturen nan. Yaya ta ce to muryarka ce kake tunawa. Ta juya doyar, ta ba ni sauran labarin, kuma wallahi har yadda take jan numfashi na Kaka ne.

Madugu bai runtsa ba. Duk motsin da jaki ya yi sai igiya ta fizgi ƙafarsa, ya zabura ya laluba wuƙa. Gari ya waye baƙo na nan kwance gefen toka yana minshari. Da ayari ya ɗaura kaya, baƙo ya ce, "Madugu, kada ku ƙetare ta mashigin nan, ruwan bana ya cinye ƙasan. Ku haura sama wajen kukar can." Madugu ya ce a ransa, wato can ya ajiye 'yan'uwansa. Ya kora jakinsa ta mashigin da ya saba, ido na lumshewa don barci. Suna kaiwa tsakiya jaki ya nutse cikin laka har ciki, ruwa ya hau kan huhunan goro. Madugu ya yi ta duka, jaki ya ƙi motsi. Sai baƙo ya yar da sandarsa ya shiga ruwa, ya rungumi kan jakin, ya yi ta yi masa magana a kunne, a hankali a hankali har ya fito da shi.

Madugu na haki ya ce, "To, faɗi abin da kake so." Baƙo ya ce, "Ba komai. Ina da irinsa, mai farin goshi haka, ya mutu da damina. Na gan shi ne na ji daɗi." Ya ɗauki sandarsa ya kama hanya. Kafin madugu ya kwance huhu ya ɗebo masa goro, ciyawa ta rufe shi.

"Daga nan Kaka ta ce, madugu ya kai gida da jakinsa, amma har ya mutu bai san sunan mutumin ba. Ta ja toka ta rufe wuta ta ce, wuta ta kwanta, saura ku." Yaya ta zaro doya ta fara kankarewa. "Kai dai naka baƙon ka san sunansa."

Ta miƙo mini rabona. Na riƙe shi har ya huce ban kai baki ba.

A hanyar dawowa na yi ta lissafin mutanen da na yi wa kallon baƙon nan. Maƙwabcin da ya ce yarana na da tarbiyya, na daina barinsu shiga gidansa. Matata da ta ce rubutuna ya sa ta kuka, na ce mata me kike so in sayo. Abin da na riƙe shekaru a matsayin wasiyyar kakata, ashe ƙaryar wani yaro ce mai sauri, wanda ya ga abokansa na jira ya rasa abin da zai ce, ya kawo ƙarshen da ya fi saurin sa su ihu. Kaka ta san abin da take yi da take tsayawa daidai wurin igiyar. Tana barinmu ne mu ci doya da zargi a ciki, mu ji yadda yake da daɗi, sannan ta nuna mana inda yake kai mutum. Ni a wurin daɗin na tashi. Mushe Yakubu ma ya gani a takarda, ya ce mai labarin kamar ya miƙe zai fita.

Na zaɓi marsa, manyan goro masu kyau, na naɗe a ganye, wani mai zemijan ya kai ni gidansa. Na same shi a ƙofa yana gyaran motonsa, hannu duk baƙin mai. Na faɗi sunana. Ya dube ni, ya sa aka kawo tabarma da ruwa. Na tura goron gabansa, ya mayar mini da shi da bayan hannu.

"In na karɓa, gobe a ce ga ladan yabon ya iso."

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Malam Ɗanjuma, a ƙofar gidan nan ba ka yi mini komai ba. 'Yata ce ta ji a makaranta ana cewa babanta na sayar da bakinsa. Ba a tabarmar nan ta ji ba."

Na gane. Na yi ta zarya gidan rediyon har shugaban ya yarda ya gan ni. Ya saurare ni yana danna salularsa, a ƙarshe ya ce shi ba zai wanke kowa da bakinsa ba. Wanda ya ɓata shi zai gyara, kai tsaye, a lokacin da ya yi ɓarnar. In na yi haka shirin zai dawo.

Lahadi da la'asar aka shigar da ni wani ɗan ɗaki mai sanyi. Mushe Yakubu na zaune gefe guda, bai dube ni ba. Na san Sale ya ƙure ƙarar rediyonsa a kasuwa, na san Yaya Mairo ta sa an kamo mata a salula. Aka kunna wata jar fitila, aka yi mini alama da hannu.

Na ce, "Assalamu alaikum. Sunana Ɗanjuma mai goro, na Ladjifarani. Ni ne na kira shirin nan na ce an biya Mushe Yakubu ya yabi littafina, na ce yana shirin sace mini labari. Ƙarya na yi masa. Ba wanda ya ba shi komai, bai nemi komai ba sai izinina. Duk wanda ya ɗauki maganata ya kai wani wuri, ina roƙonsa ya ɗauki wannan ma ya kai can. Mushe, ka ce ƙarshen labarina ya zo da gaggawa. Gaskiya ka faɗa, ba na kakata ba ne, ni na ƙaga shi, a nata baƙon bai saci komai ba. In har yanzu kana son karantawa, ka bari in kawo maka nata. 'Yarka kuma ta ji daga bakina, babanta mutumin kirki ne. Ranar da ka yabe ni kalma biyu ya kamata in faɗa, na kasa, yau ga su a makare: na gode. Don Allah ka yafe mini."